Ido Bakwai a Silin Laure

Shafi na 14

Masu aiko da saƙo cewa an bar su tsaye a tasha, to ku shigo, mota ta cika. Mun baro Malam Jibo, manomin ranin nan na bakin dam ɗin Zobe, ya sauke rufin azarar ɗakin matarsa Laure a Kurfi. An buga kwano, an yi silin zamani na fi-o-fi fari tas kamar kindirmo. Abin da ya rage shi ne a huda silin a saka fitilun nan masu nutsewa ciki. Yau ya ɗauko ta zuwa Dutsin-Ma don ta zaɓa da kanta.

*

Da hantsi motar Kurfi ta sauke su. Surayya na tsaye tana jira, da farin alli a yatsunta, don daga aji ta nemi izini ta fito. Ita ce 'yarsu ta fari, ita kaɗai ce kuma ta tsaya. Sauran ukun tun suna goye suka koma.

Ta rusuna ta gai da uban, sannan ta juya.

"Inna, kun zo lafiya?"

"Lahiya lau," in ji Laure, fuskarta na kallon wani wajen.

Ba fushi ba ne. Laure Bafulatanar Dabawa ce, a ruga aka binne cibiyarta, kuma a wurinsu 'yar fari abar kunya ce. Shekara talatin da takwas bakinta bai taɓa furta sunan Surayya ba. In ta kama dole, sai ta ce "waccan". Ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ba ta duban fuskarta.

Amma da suka zo tsallaka titi, Jibo ya ga abin da bai taɓa gani ba. Hannun Laure ya leƙo daga cikin hijabi sannu a hankali, kamar kan kunkuru, ya kama gefen mayafin Surayya. Ya riƙe gam.

Surayya ta ɗauke numfashi. Ba ta waiwaya ba, kada ta kori hannun. Sai ta rage sauri, tana takawa kamar wadda ta ɗauko ƙwarya cike da madara. Ta saci kallon ubanta, ido ya ciko, baki na murmushi.

Jibo ya gyaɗa kai. A ransa ya ce, ashe kunya ma tana tsufa, haƙoranta su zube.

Shagon Mahmuda mai kayan wuta yana bayan kasuwa. Jikan Barebari ne, don haka da ya hango Bafulatana sai ya miƙe tsaye yana tafi.

"Lale da Fulani! Inna, yau an baro saniya an zo kallon birni? Ki yi hankali, fitilun nan ba a zuba masu man shanu."

"Malam, muryar wa nike ji haka?" in ji Laure. "Yaushe aka fara ba bayinmu shago?"

"Ranar da kuka sayar da karsana kuka sayi madubi!"

"Madubin da kuka leƙa kuka tsorata?"

Aka yi dariya, har mai shayin da ke maƙwabtaka ya taya. Surayya ta zaunar da uwar a kan benci, ta zauna a ɗaya gefen. Hannun nan bai saki mayafin ba.

A saman teburin Mahmuda akwai wani guntun silin da ya rataya da sarƙa. Ya huhhuda shi kamar matankaɗi, kowane rami da irin fitilarsa, a jikin bango kuma ga makunnai a jere. Shi kowane ramin nan ido yake kiransa.

"Baba, ka saurara da kyau, don abin nan biyu ne," in ji shi. Ya ɗora wani abu a tafin hannun Jibo. "Wannan shi ne gidan fitila. Shi ake turawa cikin silin ya nutse, bakinsa kaɗai za a gani. Ƙwan kuma daban yake, a ciki ake saka shi. Gida ba ya haske da kansa."

Jibo ya jujjuya abin. Ɗan ƙoƙo ne na ƙarfe, da wasu ƙafafu biyu masu tanƙwarewa a bayansa. Ya ja ɗaya, ta kuɓuce ta ɗalle masa yatsa.

"Kai! Ƙoƙo da ƙafar fara!"

"Su ke kama silin ta sama, Baba. In ya shiga, ya zauna ke nan."

Mahmuda ya shiga jero su a kan tebur. Ga mai farin baki, ga mai ruwan zinariya. Ga na roba, wanda ya ture gefe da kansa, ya ce tunda rufin kwano ne a sama, bazara ɗaya za ta murɗe shi kamar ganda a wuta. Ga wani mai zurfi, da ƙwan ke ɓuya can ciki don kada haske ya soki ido. Ga kuma wani mai juyawa, a karkata shi duk inda ake so.

A kan mai juyawar nan Jibo ya maƙale. Ya tura shi hagu da ɗan yatsa, ya tura dama, ya sa shi ya yi harara.

"Wannan ai hawainiya ce aka kama aka sa a kwali. Laure, kin ga mai idon hawainiya?"

"Na gani," in ji ta. "Ka aje masu kayansu kada ka ɓata."

"Sai an zaɓi gida sannan a huda silin," in ji Mahmuda. "Akwai inci biyu, akwai uku, akwai huɗu, har shida. Ido in aka buɗe shi ya wuce gidansa, ba ya komawa. To, ido nawa za a huda?"

"Bakwai."

"Bakwai kuma? Baba, ɗaki ai ido huɗu ake yi masa, ko shida, ko takwas. Biyu-biyu a miƙe, kamar sahun salla."

"Ba sahu nike so ba."

Jibo ya cire hula. Daga cikinta ya zaro wata takarda da gumi ya rina gefenta, ya warware ta a kan tebur, ya shafe ta da tafin hannu. Ɗigo bakwai ne da tawadar allo, a cure wuri guda. Ɗaya babba, shida ƙanana sun kewaye shi ba bisa tsari ba.

Mahmuda ya karkata kai.

"Wannan fa? Laya ce?"

"Kai ɗan birni ne, ba ka ɗaga kai sama. Kaza da ɗiyanta ce."

"Taurari?"

"Su ɗin."

Maganar tsohuwa ce. Satin da aka kawo Laure daga ruga, ta dubi azarar ɗakin soro ta ce masa, "Ku ɗakinku ba shi da sama." Ta ce a bukkarsu akwai wata kafa da take hango kaza da 'ya'yanta, kuma da su babanta yake gane ruwa ya kusa. Jibo kuwa lokacin jini na tafasa, ya bugi ƙirji ya ce zai shigo mata da su har cikin ɗaki. Shekara arba'in alkawarin na kwance. Sai bara da ya kai tumatir gidan wani Alhaji a nan Dutsin-Ma, ya ɗaga kai a falo, ya ga fitilu sun nutse a silin suna ƙyalli. Ya tsaya da kwando a ka, baki buɗe, har sai da aka taɓa shi.

"Kuma ita ke tuna mani," in ji Jibo yana washe baki. "Wata bakwai ke nan ba ta da magana sai, Malam, ina so in ga kaza da ɗiyanta. Ni kuma in ce, yi haƙuri, aiki ya kusa."

Laure ta sunkuyar da kai.

Mahmuda ya daɗe yana duban ɗigon nan.

"Wallahi shekarata goma sha biyar a sana'ar nan, ba a taɓa kawo mani irin wannan ba. To inci nawa kake so?"

"Ni inci ban san gidansu ba. Uwar ta yi faɗin bakin ludayi. Ɗiyan kamar murfin kwalbar man shafawa."

"Na gane. Uwar inci huɗu, mai zurfi. 'Yan tsakin inci bibbiyu, na ƙarfe, masu farin baki, don da rana su ɓace a jikin silin. Saura haske, shi kuma na mai ɗaki ne. Inna, ɗaga kai ki zaɓa."

Laure ta ɗaga kai. Idanunta garau, baƙi wuluk a cikin fari. Su ne dai waɗanda suka sa Jibo ya sha nono ƙwarya uku a kasuwar Kurfi ranar da ya fara ganinta, alhali cikinsa ba ya son nono.

Mahmuda ya danna makunnin farko. Ƙas! Fari fat.

"Wannan fa?"

"A'a. Wuce."

Ƙas! Na biyu, mai ruwan zuma.

"Wuce."

Ƙas!

"Yauwa," in ji Laure. "Wannan. Haskenshi da sanyi, bai soki ido. Shi za a sa."



Jibo ya dubi guntun silin. Na farko na ci. Na biyu na ci. Na ukun rami ne baƙi, gida ne fanko.

"Hannuna ne ya zame, Baba," in ji Mahmuda a hankali. "Wannan ba ƙwai a ciki. Jiya na cire na sayar."

"Laure," in ji Jibo, "wanne kike nuhi?"

Sai ta yi 'yar dariya.

"Kai Malam. Wasa nike da bawana, in ga ko ya san kayanshi."

Jibo ya yi dariya shi ma, da ƙarfi, fiye da yadda maganar ta kai. Ya so ƙwarai abin ya tsaya nan.

Surayya ba ta yi dariya ba. Ta sauko daga benci ta durƙusa a gaban uwar.

"Inna. Mayafin nan da kika riƙe tun daga tasha, wane launi ne?"

Laure ta kau da kai.

"Inna."

"Malam, ka ce ma waccan ta tashi. Cikin mutane muke."

"Wane launi ne?"

"Shuɗi," in ji Laure, murya can ƙasa. "Ai shuɗi take so."

Mayafin ja ne wur, kamar nunannen tattasai.

Surayya ta zauna daɓas a ƙasan shagon.

"Ni na ɗauka ni kika riƙe," ta ce. "Tun daga tasha nake gode wa Allah a zuciyata. Ashe sanda kika riƙe."

Hannun Laure ya saki mayafin, ya koma cikin hijabi.

Jibo ya dafa tebur. Abubuwa suka yi ta zuwa masa ɗaya bayan ɗaya. Tulun da ta fasa. Kunun da ta zuba wa gishiri. Ƙunar da ya gani a bayan hannunta. Duk ya ɗora su a kan magina, ya ce su suka cika gida da bulo da yashi har mutum ba ya gane hanyar ɗakinsa. Kwana huɗu na mako kuma yana bakin Zobe wajen injin ban ruwa.

"Tun yaushe?" in ji Jibo.

"Na hagu tun kaka waccan. Na daman ya yi ta tsukewa daga gehe, kamar ana jan bakin jaka. Da azumi ina ganin ɗan tsakiya. Bayan salla kuma..."

Ta juya tafin hannunta sama.

"Kuma ba ki hwaɗa mani ba? Laure! Gida ɗaya, akushi ɗaya?"

"Na hwaɗa maka."

"Yaushe?"

"Ran da likitocin ido suka zo Kurfi duba mutane kyauta. Gogo Rekiya maƙwabciyarmu ta ja ni muka tahi. Wata likita ta haska ni, ta rubuta takarda. Ta ce in kai ma maigidana yau-yau, a yi sauri."

"Wace takarda?"

"Ka san ba a haihe ni inda mace ke kai ƙarar jikinta ba. Ko da nike naƙuda wa ya ji muryata? Sai na aje maka ita ƙarƙashin butarka. Ina bakin ɗakin girki ina kallo. Ka ɗauka, ka daɗe kana dubawa, ka yi murmushi. Ka ninke ka sa a hula."

Hannun Jibo ya tafi kansa. Babu hula, tana kan tebur. Kusa da ita ga takardar nan a shimfiɗe, da ɗigonta bakwai.

Can sai Mahmuda ya sa yatsa biyu ya juya ta.

Rubutun boko ne cike da ɗaya gefen, da hatimi shuɗi a ƙasa.

Shi Jibo karatunsa na allo ne, boko a wurinsa sawun kaji ne a kan yashi. Ya tuna safiyar sarai. Kwana uku yana neman takarda mai kauri da zai zana taurarinsa, sai ga ta ƙarƙashin buta, bayanta fari sol. Bai ma tambayi kansa wa ya ajiye ta ba. Godiya ya yi wa Allah da ya kawo masa.

Surayya ta fizgi takardar. Tana karantawa tana fassarawa.

"Hawan jinin ido ne. A kai ta babban asibiti cikin mako biyu. Idon dama ana iya ceto shi." Ta duba kwanan wata. "Baba, wata bakwai ke nan."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Mahmuda.

Laure ta ɗago.

"Ceto? Cewa ta yi ana iya ceto?"

"Haka aka rubuta, Inna."

Tsohuwar ta juya kai. Da ta sake magana, Jibo take fuskanta, ko da yake ta ɗan kauce, kafaɗarsa take yi wa magana.

"Ita ta ce a yi sauri, ban san saurin mi ba. Sai na ga bayan kwana biyu ka sa an hau ɗaki ana sauke azara. Na ce to, ga saurin. Ya kai an karanta mashi, an ce ba magani, shi ne yake so ya cika alkawari kahin ido ya ruhe. Na ce a raina, ban taɓa ganin namiji mai kara irin Malam ba. Ya sani, amma bai ce komi ba, don kada ya karya mani zuciya. Sai ni ma na yi shiru. Na yi ta riƙon idon da ƙarhi, ina jiranka."

"Laure..."

"Shi ya sa ɗazu na ce na gani. Kada ka san ka makara."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Jibo, irin na guga in ya faɗa rijiyar da ta ƙafe.

"Ni da hannuna," ya ce. "Bisa idonki na zana kaza."

Surayya ta miƙe tsaye. Kunya ta ƙare.

"Ni fa, Inna? Ni na iya karatu! 'Ya'yan mutane nake koya wa tun safe har azahar. Kurfi da nan tafiyar me ce? Ki aiko a ce in zo, shi ke nan. Ko sau ɗaya!"

"Na aika," in ji Laure. "Kullum ina aikawa."

"Wa kika aika?"

"Malam, sau nawa na ce maka ina so in ga kaza da ɗiyanta?"

"Ba adadi. Ga shi kuwa ina ta..."

"Ba na sama nike nuhi ba."

Jibo ya dube ta, bai gane ba.

"A ruga na haihi waccan, babana ya zaɓa mata suna. Ka tambayi masu karatu mi ake kiran taurarin nan da Larabci."

Mahmuda ya yi karatun zaure kafin ya kama sana'ar waya. Ya dubi ɗigon nan bakwai. Sannan ya faɗa a hankali, kamar mai tsoron kalmar ta faɗi ta fashe.

"Surayya."

Surayya ta sa hannu ta toshe bakinta.

"Na ɗauka ka sani," in ji Laure. "Da shi nike kiranta tun tana tsumma. Lokacin da take makarantar kwana, in na ce yau ban ga kaza da ɗiyanta ba, kai sai ka hita tsakar gida ka dubi sama, ka dawo ka ce mani hadari ne."

"Amma na zo, Inna," in ji Surayya cikin kuka. "Sau biyu na zo."

"Malam, ka ce mata na san ta zo. Ta gaishe ni ta bayan labule ta koma, don ba ɗakin kwana, an rushe. Ni kuwa sai ta yi barci nike kallonta. Tun tana jinjira haka nike yi. So na yi ta kwana ɗaya rak, in cika idona kahin a ɗaure jakar."

Surayya ta zube ta kifa kanta a cinyar uwar. Laure ba ta ture ta ba. Hannun ya sake fitowa, ya tsaya a iska yana shawara, sannan ya sauka. Ya bi goshi, ya bi karan hanci, ya bi kumatu yana share ruwan da ya tarar.

"Malam," ta ce, "ta rame. Ba su ba ta abinci a garin nan?"

Jibo ya sunkuyar da kai. Mahmuda ne ya goge ido da hannun riga, ya sake jawo takardar.

"Malama, dubi nan ƙasa. Akwai lambar waya da biro, da suna. Likita Huseina."

Surayya ta kira, ta buɗe murya kowa ya ji. Sai a kira na uku aka ɗauka. Ta yi bayani a gurguje, tana cin kalmomi. Likitar ta saurara har ƙarshe.

"Wata bakwai?" ta ce. Ta ja numfashi. "Ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da ciwon nan ya ci, ba ya amayarwa. Amma in idon dama yana rarrabe haske da duhu, ko yaya yake, to akwai abin da za mu riƙe. Sai ku taho da ita gobe da sassafe."

"In ba ya rarrabewa fa?" in ji Jibo, ya matso da bakinsa kusa da wayar.

"Mu gwada tukuna, Baba. Akwai fitila mai ƙarfi kusa da ku?"

Mahmuda ya dubi shagonsa daga sama har ƙasa, ya yi wata dariya da ta fi kuka ciwo.

"Akwai, likita."

"Ku rufe ƙofa, ku kashe komai. Ku kunna a fuskarta ba tare da ta ji ƙara ba. Kada kowa ya yi magana. Ita za ta faɗa in ta gani. Ina kan layi."

Mahmuda ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe. Ya kashe na farko, ya kashe na biyu. Makunni na uku ya bar shi a danne yadda yake. Ya zaro ƙwan da ya fi kowanne ƙarfi a shagon, suka jawo benci har ƙarƙashin gidan nan fanko, shi kuma ya hau kujera.

"Malam," in ji Laure cikin duhun.

"Na'am."

"Ka ce ma waccan ta tsaya gabana. In abin ya zo, kada in fara da silin."

Surayya ta rusuna a kanta, fuska dab da fuska. Jibo ya riƙe bakin tebur da hannu biyu. Duk addu'ar da ya sani ta gudu, sai suna ɗaya ya rage, shi yake ta maimaitawa a zuci. Ya Allah. Ya Allah. A ɗauki kwanon, a ɗauki silin, a ɗauki gonar Zobe da injinta, a bar mata kafa ɗaya ko kamar ta allura.

Mahmuda ya cusa ƙwan a gidansa, ya murɗa da yatsa. Ko ƙas bai yi ba.

Haske ya zubo fari fat. Shi kansa Mahmuda sai da ya kau da kai. Ya sauka a kan fuskar Laure, ya fito da kowane layin tsufa, da zanen Fulani na gefen bakinta, da hawayen Surayya da ya ɗiga a kumatunta.

Idanunta a buɗe tar, suna duban ƙwan. Ba su ƙyafta ba.

Jibo ya riƙe numfashi. Wayar na hannun Surayya, ana jin likitar tana jira.

Laure ta gyara zama. Ta ja hijabinta baya kaɗan, ta ƙara ɗaga haɓa.

"To, bawana," ta ce. "Na shirya. A kunna mana."